Wadda Ke Ba Shukar Dije Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da wani hantsi, a ranin da ya biyo bayan samun 'yancin ƙasarmu, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah ya mantar da ni. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni tafiya, shi ya sa yanzu bakina yake iya faɗa.

A lokacin ni mushe ne, wato malamin boko, a wata 'yar lakol, makaranta mai aji biyu, a wani ƙauye tsakanin Gidan Rumji da Cadakori. (Kada mai karatu ya zaci wani zurfin ilimi gare ni. Anasara ne, wato Turawa, suke ta haɗa kayansu, aka rasa masu riƙe alli, aka ce in zo.) An ba ni ɗaki ɗaya na ƙasa a bayan lakol, can ƙarshen gari, inda ba ka da maƙwabci sai wata tsohuwar tsamiya. Nan muka zauna da matata Dije. Bafulatana ce, 'yar wata ruga da ke sauka a gonakin arewa da gari. Wurin sayen nono na gan ta, na yi ta sayen nonon da ba na buƙata har aka ɗaura mana aure.

Shukar kuwa daga Maradi na zo da ita. Matar tsohon daraktanmu ce ta ba ni, ranar da na je yi musu bankwana za su koma ƙasarsu. Ta faɗi sunan shukar da faransanci, kafin in kai tasha ya zube mini. Wata irin shuka ce mai yaɗo, ganyenta faɗin tafin hannu, kore shar da ɗigon fari-fari kamar an yayyafa masa madara. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita. Madam ta ce kada rana ta doke ta, kada a cika mata ruwa, a riƙa share mata ganye. Na riƙo ta a cinya a bayan motar gyaɗa, 'yan mota suna tambayata maganin mene ne.

Dije ta yi dariya da ta gan ta, amma ba a daɗe ba ta mayar da ita tata. Ta fitar da ita daga gwangwanin Madam ta sa ta cikin tukunyar ƙasa, ta ajiye a kusurwar da hasken 'yar taga yake sauka. Takan tsoma yatsa cikin ƙasar kafin ta zuba ruwa, in ta ji danshi sai ta ce, "Yau ba ta jin ƙishirwa." Takan jiƙa tsumma da ruwan da ta ɗauraye ƙwaryar madara, ta bi ganyen ɗaya bayan ɗaya har su yi sheƙi. Da reshen ya yi tsawo sai ta ɗaure shi da zare a jikin ƙusa, da irin ƙullin da suke ɗaure maruƙa da shi a ruga, wanda ja ɗaya ke kwance shi. Na yi ta ƙoƙarin koyon ƙullin nan ban iya ba.

Akwai Tanko, ɗan gwaggona, tela ne a kasuwa. Taubashina ne, don haka bakinsa ba ya da linzami a kaina. Ya leƙo wata rana ya ga shukar, ya ja da baya.

"Mushe, itace cikin ɗaki? Duk daji ya kakkaɓe ganye, wanga na nan shar. Wani abu na riƙe da shi hwa."

Dije ta ce, "Ni ke riƙe da shi, tela. Da ka kawo mini kanka da wuri, da shi ma bai kakkaɓe ba."

(Tanko yana da sanƙo tun yana saurayi.)

Da kaka, ana tsakiyar yankan gero, zazzaɓi ya kama Dije. Bai daɗe ba. Ta tafi da cikin da take ɗauke da shi. Iyakar abin da zan ce game da wannan ke nan.

Mahaifiyarta, wadda nake kira Inna, ta zo ranar jana'iza ta zauna cikin mata, fuska a rufe. Aka ce mini ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, ko sunan Dije ba ta kama ba, kafin la'asar ta tashi ta ce shanu suna jira. Na riƙe abin a raina. Na san Dije 'yar fari ce, na kuma san Fulani da kunyar ɗan fari, amma a lokacin zuciyata ba ta karɓar uzurin kowa. Dama ni da Inna ba mu taɓa kallon juna ido da ido ba. In ta hango ni a hanya sai ta ratse cikin kara, ni kuma in tuɓe takalmi in durƙusa in gaida ƙeyarta. Da za a jera mini matan ruga a ce in nuna surukata, da na sha kunya. Bayan sadakar bakwai aka tattara tufafin Dije da ƙoranta aka kai ruga. Abin da ya rage mini nata a ɗakin nan shi ne shukar.

Sai na shiga kula da ita irin kular mai baƙin ciki: da safe ruwa, da rana ruwa, da yamma ruwa. Ganyen suka fara yin rawaya, suna faɗuwa ɗai-ɗai, ƙasar tukunyar ta kama wari. Ni kuma in ƙara ruwa. Da na ga saura kaɗan, sai na daina kallon kusurwar nan gaba ɗaya. Ba zan iya ganin ta mutu a gabana ba, ita ma.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina shiga ɗakin da kai a sunkuye ba. Wata rana na dawo daga aji da azahar, na ɗaga turmi na ɗauki mabuɗi inda muke ɓoye shi, na buɗe kwaɗo. Abin da ya fara tarye ni wari ne da na sani: man shanu da hayaƙin ruga, warin da ke jikin zanen Dije. Na tsaya a bakin ƙofa. Ƙasar ɗakin a share take tas, babu sawun kowa, har nawa na safe ya ɓace. Na ɗaga kai a hankali. An cire ruɓaɓɓun ganye. An sake ƙasar tukunyar. Ganyen da suka rage suna sheƙi.

Na ce wa kaina ni ne na yi na manta. Mai baƙin ciki yakan yi abu bai sani ba.

Bayan 'yan kwanaki sabon toho ya fito, a naɗe kamar ɗan yatsa. Wani ya biyo shi. Da asuba in na tashi salla sai in ga ruwa a bakin kowane ganye, ɗigo ɗaya ɗaya a rataye, ba ya faɗuwa. Ba raɓa ba ce, don a cikin ɗaki muke kuma ana tsakiyar rani. In na matsa da fitila sai in ga kamar idanu ne cike da hawaye suna kallona. Reshen kuma ya bar bango ya miƙo hannu zuwa gefen gado, gefen da take kwanciya. (Yanzu na san ta nan hasken taga yake bi. A lokacin ba wanda zai gaya mini haka in yarda.)

Ranar da jinina ya daskare ita ce ranar da na tarar an ɗaga reshen an ɗaure shi a jikin ƙusa. Na kai hannu na ja bakin zaren. Ja ɗaya, ya kwance.

Na zauna a ƙasa. Na daɗe a wurin, zaren yana hannuna.

Daga nan na zama wani iri. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. In iska ta kaɗa tsamiya sai in ji gashin jikina ya tashi. Amma kuma nakan yi sauri in dawo daga aji in shaƙi warin nan kafin ya gushe. Na fara yi wa shukar sallama. Na taɓa ajiye fura a gindinta, na dawo na tarar ba a taɓa ba, an dai rufe ta da faifai don ƙuda. Sai na ce, ai dama matattu ba sa ci. Akwai abin da ya kamata ya tashe ni daga wannan barci: ran Alhamis da ran Lahadi, da ba a lakol ina gida, ba a zuwa. Wace irin fatalwa ce ta san ranakun hutun lakol? Ni da ake kira mushe, ko sau ɗaya ban yi wa kaina wannan tambaya ba.

Tanko ne ya ga ramata ya matsa mini har na faɗa masa. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba, sai ya ajiye almakashi.

"Ƙullin maruƙa kac ce?"

"Shi."

"Mabuɗin hwa, wa ya san wurinshi?"

"Ni da ita."

Ya shafa sanƙonsa. "Na hwaɗa maka tun farko. Tashi mu tahi wurin Malam."

Malam Bawa shi ne limamin unguwar, tsoho mai magana ƙasa-ƙasa. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Wanda ya tahi ba shi dawowa, mushe," in ji shi. "Amma akwai masu aron kamanninshi. Ɗakinka kuwa gindin tsamiya yake." Ya ajiye carbin. "Sukan fara da alheri. In mutum ya saba, sai su kira shi. In ya amsa, shi ke nan."

Aka shirya. Washegari zan shiga aji kamar kullum, sannan in zagayo ta baya in ɓuya a ɗaki, Tanko ya kulle ni daga waje ya mayar da mabuɗi ƙarƙashin turmi. Shi da Malam za su laɓe bayan dangar lakol, inda ba a ganin ƙofata amma ana ji, Malam da ƙwaryar rubutu, Tanko da gora. Da abin ya shigo in busa usur ɗin da nake tara yara da shi. Malam ya ja mini kunne: kada in yi magana da shi, kada in taɓa shi.

Na ce to. Amma a raina ba kora nake so a yi ba. So nake in gan ta.

Haka aka yi. Na bar yara suna ta maimaita karatu, na shige ƙarƙashin gadon ƙarfe da farin wandona na aiki, usur a baki. Ɗakin duhu, sai zaren haske daga taga ya sauka kan ganyen. Daga nesa muryoyin yara suna tashi suna sauka, kamar daga wata duniya. Wani ƙadangare ya bi rufi, ƙasa ta zubo mini a wuya. Ban motsa ba.

Ban ji takun kowa ba. Sai dai na ji an ɗaga turmi.

Kwaɗo ya yi ƙara. Ƙofa ta buɗe kaɗan, haske ya shigo, inuwa ta biyo shi. Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani, sirara, ba takalmi, da bakin zane. Baƙin zane mai ratsin fari a gefe. Ni na saya wa Dije shi a kasuwar Tibiri, har da ɗan ƙunan da gawayi ya yi masa a ƙasa. Warin nan ya cika ɗakin.

Ta wuce gaban gado ta durƙusa wurin tukunya, ta ba ni baya, zanen ya rufe ta har ka. Tsayin nan ne, siririn wuyan nan ne. Ta tsoma yatsa cikin ƙasa. Sannan ta fara share ganyen, tana wani ɗan amo a maƙogwaro, ba kalmomi, irin wanda Dije ke yi in tana aiki, wanda ta ce da shi ake lallashin saniya ta saki nono.

Usur ya faɗi daga bakina. Duk abin da Malam ya ce ya bi iska.

Na jawo jiki na fito da rarrafe, yanar gizo a kaina, na kama bakin zanen da hannu biyu. Ta ƙame. Ni kuwa bakina ya buɗe. Akwai sunan da nake kiran Dije da shi in mu kaɗai ne, wanda ko bango ban so ya ji ba. Da shi na fara.

"Karsanata," na ce. "Karsanata, na san ke ce. Kada ki ji tsoro, ba zan busa ba. Ni ban sake ki ba, ko can kina matata. Me ya sa sai da rana kike zuwa? Ki riƙa kwana mana. Gadon nan ya yi mini faɗi, gefenki har yau ban taɓa kwanciya a kai ba."

Na faɗi wasu abubuwan ma. Su kam da su za a binne ni.

Ban san cewa da kuka nake maganar ba, da ƙarfi kuma, sai da ƙofa ta bugu da bango. Tanko ya faɗo da gora a sama, Malam a bayansa yana karatu yana watsa rubutu. Rabinsa a fuskata ya sauka. Haske ya cika ɗakin. Wadda nake riƙe da zanenta ta juya fuska ga bango, ta ƙara jan lulluɓi. A nan na ga hannunta a kan tsumma. Hannun tsohuwa ne, jijiyoyi a tashe, da munduwar tagulla da ta sha jiki. A bakin ƙofa daga waje ga ƙwaryar nono a kan gammo.

Tanko ya sauke gora a hankali. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"Mushe," ya ce da wata 'yar murya, "saki zanen surukarka."

Hannuwana suka ƙi buɗewa. Sai da ya sunkuya ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Malam ya gyara murya. "Baiwar Allah, sannu. Ki gahwarce mu. Mi ya kawo ki nan?"

Ba ta juyo ba. Da ta yi magana, da bango ta yi, cikin Hausarta ta Fulani, a hankali.

"Wancan da ya tafi, shi ya nuna mini mabuɗi tun yana nan." Ta ninke tsumman. "A ruga mutane suna kallo. Nan ba kowa."

Dije take nufi, 'yar farin da ba ta kama sunanta. A lokacin na gane inda take kai hawayen da aka ce ba ta yi ba.

Ta miƙe, ta bi gefen bango har ƙofa, fuska a kauce. Ta ɗora ƙwarya a ka. Sannan ta tsaya, ta ce wa Malam, "Ku gaya wa mushe, ruwa ne ya kusa kashe shi. Ba albasa ba ne." Ta tafi.

Tanko ya yi rantsuwa ba zai gaya wa kowa ba, kuma na yarda ya riƙe alkawari har zuwa la'asar. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, sunana ya koma Mushe Karsana. In na juya ina rubutu a allo sai in ji wani ɗan kukan saniya daga bayan aji, in waiwayo in ga kowa ya duƙufa kan karatu. Mahauta in na wuce sai su ce, "Mushe, akwai ta yau, mai ƙiba." Duk wannan na iya ɗauka.

Abin da ban iya ɗauka ba shi ne Inna ta daina zuwa. Ɗakin ya koma warin ƙasa da kananzir. Na yi ƙoƙari, ina tsoma yatsa kamar yadda na ga ana yi, amma yatsana bai san abin da yake nema ba. Ganyen suka dushe, reshen ya saki ƙusa ya kwanta. Na san in ta mutu ba ni kaɗai zan yi rashi ba. Wuri ɗaya tsohuwar nan take da shi a duniya da za ta zauna da 'yarta, ni kuma na kore ta da bakina. Zuwa ruga ba shi yiwuwa. Me zan ce? Da wace fuska?

Ranar kasuwar Cadakori na ja Tanko muka tafi. Na hango ta cikin masu nono a gindin wata bishiyar bedi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na matsa har inda za ta ji, na juya mata baya, na fuskanci Tanko.

"Tanko," na ce da ƙarfi, "ka san ni kullum ina aji tun safe har azahar."

"To, ni mi ya sha mini kai?"

Na taka masa ƙafa. "Ba na fitowa. Ko ɗakin ya kama wuta ba na fitowa. Mabuɗi kuma yana inda yake."

Sai ya gane. "Ƙarƙashin gadon hwa? Ba kowa?"

"Ba kowa."

"Ka tabbata? Don wurin na da daɗin kwanciya, an ce."

Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ban ji muryar Inna ba. Sai can na ji ta ce wa wata mai saye, "Na yau ya ƙare. Sai jibi in na shigo gari."

Jibin, da na dawo da azahar, ƙasar ɗakin a share take.

Haka muka yi shekaru. Da damina in sun yi arewa da shanu ni ke riƙo, a hankali yatsana ya koyi aikinsa. In sun sauko ita ke karɓa. Ba mu sake haɗuwa a ɗakin nan ba, ba mu taɓa maganar ba, har ta koma ga Allah ban san kamannin fuskarta sosai ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In wani ya dawo maka daga lahira, ka fara yi masa sallama ka ji muryar da za ta amsa, kafin ka zazzage masa abin da ke cikinka. Na kuma koyi yin gyaran murya tun daga nesa in zan shiga ɗakina. Shukar tana nan, jikar ta farko ce da aka dasa daga reshe, ta zagaye mini taga. Yanzu ba mai zuwa. Amma har gobe in na iso ƙofa sai na yi tari, in ɗan dakata, in ba ko wace ce a ciki lokacin da za ta rufe fuskarta.